Mama ta ce bana ba za ta yi Kirsimeti a cocinmu ba

Salama, Mama.

Ni ɗanki ne daga Kaduna, shekaruna 36, ina da mata da yara uku. Shekara huɗu ke nan ina jagorantar mawaƙa a sashen Hausa na ikkilisiyarmu. Bara aka ɗora mini shirin Kirsimeti, sai ni da matasa muka ce bari mu yi abin da ba a taɓa gani ba a unguwarmu. Muka yi hayar fitilu masu launi, da manyan lasifikoki, da na'urar da ke fesa hayaƙi, da majigi. Muka gayyato mawaƙi daga Jos, muka shirya wasan kwaikwayon haihuwar Almasihu. Coci ya cika har da na tsaye a waje, har yau ana tura bidiyon a WhatsApp.

Amma mahaifiyata, wadda ta haura 70 kuma ta fi shekara 40 a Zumuntar Mata, ta tashi ta fita tun ba a kai rabi ba. Da na koma gida na tambaye ta, abin da ta ce kawai shi ne: "Kallo na je, ban je sujada ba."

Bana kwamiti yana so a yi wanda ya fi na bara, har an yanka wa kowane gida naira 10,000. Mahaifiyata ta ce ita ƙauye za ta tafi ta yi Kirsimetinta, alhali tun rasuwar Baba ba mu taɓa yin bikin nan ba tare da ita ba. Matata ta ce kada in bari tsofaffi su mayar da mu baya, ga shi matasanmu suna ta sulalewa zuwa manyan coci-cocin da ake Turanci. Dattawa biyu suna bayan mahaifiyata. Baba Fasto kuma ya ce mu je mu daidaita kanmu. Na zama gaba kura baya sayaki. Mama, wa ke da gaskiya? Kuma abin da muka yi bara zunubi ne?

Ɗanki a Kaduna

*

Salama ɗana, ya yara, ya sanyi?

Bari in sauke maka nauyin da ya fi danne ka tukuna. Hayar fitila ba zunubi ba ne, lasifika ma haka. Duba 2 Tarihi sura 5, ranar da Sulemanu ya keɓe Haikali: firistoci 120 ne suka busa ƙaho, ga Lawiyawa sanye da lilin mai kyau, da kuge da molaye da garayu. Zabura 150 ba ta bar kayan kiɗa ko ɗaya a ajiye ba. Dawuda ya taka rawa iya ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda kuma labarin ya ƙare mata da baƙin ciki ita ce Mikal, da ta leƙo ta taga ta raina shi a zuciyarta. A Betanya ma, da Maryamu ta tsiyaye turaren da kuɗinsa ya kai dinari 300, wato wajen ladan ɗan ƙodago na shekara guda, a ƙafafun Yesu, wanda ya yi ƙorafin ɓarna ai Yahuza ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka Allah ba ya son ado da ƙawa a cikin yabonsa, ka ce masa ya sake buɗe littafin.

To amma wannan littafin dai shi ne ya ce an kwantar da jaririn a komin dabbobi don ba su sami wuri a masauki ba, kuma makiyayan da ke kwana a fili ne aka fara kai wa labari. Da iyayensa suka kai shi Urushalima, 'yan kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu aka ambata, hadayar da Littafin Firistoci sura 12 ya ware wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Amos kuma, a sura 5, ya isar wa Isra'ila saƙon cewa Allah ya ƙi jinin idodinsu, su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu. Ka ga ke nan in ayoyi za a yi ta jifa da su a taron kwamiti, kai da dattawan nan biyu za ku kai Ista ba ku gama ba.

Ni abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne maganar mahaifiyarka. Ka sake karanta ta. Ba ta ce fitilu sun yi yawa ba, ba ta ce an ɓarnatar da kuɗi ba. Ta ce kallo ta je. Tsohuwar da ta yi shekara 40 tana ɗaura zanen Zumunta, tana buga tulu, tana tada waƙa a biki da makoki, ta san bambancin ranar da aka zo da ita don ta yi, da ranar da aka zo da ita don ta gani. Ruwa ba ya tsami banza. Ka zauna ka tuna daren nan na bara daga farko har ƙarshe, ka ƙirga minti nawa ne jama'ar da ke kan benci suka buɗe baki suka yi waƙa da kansu. Ba tafi ba, ba ihun "Amin" in mai makirfo ya nema ba, waƙa da suka sani, da harshen da suke addu'a da shi. Ina kyautata zaton in ka ƙirga da gaskiya ba za ka cika minti goma ba. In haka ne, ba ta yi maka sharri ba, ta faɗi abin da ya faru ne.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, a wata ikkilisiya da ba zan ambata ba. Daren waƙoƙin Kirsimeti ne, an kashe fitilun coci an bar na dandamali, ana haska kalmomin waƙa a bango. Ana cikin baiti na biyu janareto ya yi tari ya mutu. Piyano ya yi shiru, makirfo ya yi shiru, bango ya yi baƙi ƙirin. Za ka zaci jama'a za su ɗauki waƙar su ci gaba, ko ba haka ba? Ina! Ɗaruruwan mutane, ba wanda ya zo da Littafin Waƙoƙi, don an saba da bango. Matasa suka kunna fitilun waya suna 'yan dariya. Can daga bencin baya, kusa da ƙofa, wasu tsofaffin mata da ba su fi bakwai ba suka ja baiti na uku, muryoyinsu na rawa, ɗayarsu tana buga cinyarta da tafin hannu a madadin tulu. Su kaɗai suka san shi. Mawaƙan da suka yi wata biyu suna gwaji suna tsaye da rigunansu masu sheƙi suna motsa baki. Da wuta ta dawo aka yi sowa, aka koma kan shiri, ba wanda ya sake waiwayar bencin baya. Ni kuwa har na isa gida ina tambayar kaina yaushe muka kwashe waƙa daga bakin jama'a muka damƙa wa janareto.

Kada dattawanku su ji wannan su ce ai ga Mama ta jarida tana bayansu. Ba na bayansu gaba ɗaya, kuma zan faɗi dalili.

Abin da muke kira "yadda aka saba" ɗin nan, jiya-jiya baƙo ne shi ma. Da yawa daga cikin Turawan mishan na farko ba su yarda ganga ta shiga coci ba, suna ganin kayan bori ce da tsafi. Sai da aka kai ruwa rana kafin ganga da tulu da caki suka sami wuri a gaban bagade, kuma mata ne suka fi kowa tsayawa a kan haka. Wato wata rana mahaifiyarka da ƙawayenta su ne 'yan zamanin da wasu dattawa ke harara. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan aikin su Dokta Walter Miller na Zariya, kuma da aka fito da sabuwar fassara daga baya akwai tsofaffin da suka ce su dai a bar musu tsohuwar. Wasan kwaikwayon haihuwa da kuka yi ma ba ku kuka fara ba. A shekarar 1223, a ƙauyen Greccio na Italiya, Faransis na Assisi ya sa aka kawo komi da ciyawa, da sa da jaki masu rai, don mutanen ƙauye su ga talaucin da aka haifi Almasihu a ciki da idonsu. A zamaninsa wannan sabon abu ne ƙwarai. Tsarin karatu tara da waƙoƙi da Anglikan da wasu ikkilisiyoyi ke yi, wanda yanzu ake masa kallon tsohuwar al'ada, Bishop Edward Benson ne ya shirya shi a Truro ta Ingila a 1880, a wani ginin katako na wucin gadi, don ba a gama gina babban cocin ba. Kwalejin King's ta Kambirij ta ɗauka a 1918, BBC ta fara watsa shi a rediyo a 1928, daga nan ya bazu duniya. Ranar 25 ga Disamba kanta, rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikinta daga Roma yake, na shekarar 336. Akwai ma lokacin da masu tsananin son sauƙi suka yi rinjaye har majalisar Ingila ta soke bikin Kirsimeti ɗungurungum a 1647, a Massachusetts ta Amurka kuma aka sa tarar sule biyar a 1659 ga duk wanda aka kama yana bikin. Ka ga inda son "tsantsar sujada" ke kai mutane in ba a yi hattara ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba kowace sujada marar ado ce ke da rai ba. Na zauna a sujadar Kirsimeti da sanarwa ta ci minti 50, aka karanta sunan duk wanda ya ba da mudun shinkafa, aka ja waƙa kamar ana rakiyar gawa, wa'azi kuma na bara ne aka sake ɗumamawa. Yara suna ta hamma, samari sun fita suna jingine da babura. Wannan lalaci ne aka yi wa laƙabi da al'ada. Matarka tana da gaskiya da ta ce matasa suna tafiya, kuma dattijon da bai damu da tafiyarsu ba, bai damu da wanda zai ɗauki makararsa ba.

Inda na rabu da ita shi ne maganin da take gani. In da fitila da hayaƙi ne ke riƙe matashi, to kun riga kun faɗi, don cocin da ke tsakiyar gari ya fi ku kuɗin fitila, wanda ke Abuja ya fi shi, na Legas kuma ya fi na Abuja. A Uyo an tara mawaƙa fiye da 25,000 a fili ɗaya a Disambar 2014 har suka shiga kundin Guinness. A jihar Texas ta Amurka akwai cocin da ke rataya makaɗa da igiya suna shawagi a saman kawunan jama'a, a shigo da raƙuma masu rai, a sayar da tikitin shiga. Wace tsere za ku yi da waɗannan da naira dubu goma-goma? Kowace shekara sai kun ƙara a kan ta bara, in ba haka ba a ce kun ja baya. Kai da kanka ka rubuta cewa kwamiti yana son wanda ya fi na bara. Na baɗi fa? Tambayi kanka kuma, cikin mutanen da suka cika coci har waje a daren nan, nawa ka sake gani a Lahadi ta biyu ta Janairu? Saurayin da ya zauna a ikkilisiya, galibi don an san sunansa ne, an ba shi aiki, an neme shi ranar da bai zo ba. Matasan da suka kwana suna ɗaura wayoyi da gwajin wasa bara, su kam sun ji cocin nasu ne, kuma wannan riba ce ta gaske da bai kamata a zubar ba. Kuskuren shi ne a daren da suka sami wuri, a daren aka tashi wasu daga nasu.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai a wasiƙarka, ko da yake kai a layi ɗaya ka wuce ta. Naira 10,000 kowane gida. Kowane gida fa, har da gwauruwar da ke soya ƙosai a bakin hanya, har da malamin firamare da ke jiran albashi, har da iyalin da rikici ya koro daga ƙauye suke zaune a ɗaki ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ka san yadda kuɗin mota da mudun shinkafa suka koma. A Disamba ne uba ke lissafin kayan yara, da ɗan naman da za a sa a miya, da kuɗin makarantar da ke jiransa a Janairu. Ka ɗora masa wannan a kai, ka kuma sa a karanta sunayen waɗanda suka biya daga kan bagade, kamar yadda na san ana yi a wurare da dama. Me kake tsammani? Ba zai zo ya ce maka ba shi da shi ba, mutumci ba zai bar shi ba. Zai dai ƙi zuwa ne, ya ce jikinsa ba daɗi. Bikin wanda aka yi wa hadayar matalauta, ya zama bikin da matalauci ke ɓuya a gida. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. Yakubu kuma a sura 2 ya yi kashedi a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa matalauci ya tsaya can. In bara kun jera kujeru masu laushi a gaba don manyan baƙi da masu ba da gudummawa, kuka tura iyayen Zumunta baya kusa da lasifika, to ka san wani ɓangare na abin da ya fitar da Mama.

Wannan yankan kuɗi, ka tsaya tsayin daka a janye shi. A ajiye akwati ko a raba ambulan marar suna, abin da aka samu a yi shiri daidai da shi. Kuma kafin a biya mai fitila ko sisi, a fara ware na gwauraye da marayu da marasa lafiyan ikkilisiya, a kai musu gida kafin ranar. In abin da ya rage bai isa hayar na'urar hayaƙi ba, ba a yi asarar komai ba. Ni dama ban ga abin da hayaƙin nan ke ƙarawa ba ban da tari, a tsakiyar hunturu, ga masu asma ga jarirai a goye. Fitilun da ke walƙiya da sauri ma suna iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Ƙarar lasifika kuwa, kunnen da ya fara tsufa yana wahala da ita fiye da yadda kuke zato: ga ƙara tana sukan kunne, ga kalmomin ba a rarrabe su. Mai yiwuwa rabin fushin Mama ciwon kai ne kawai.

Abin da nake ba ka shawara ka kai gaban Baba Fasto da kwamiti shi ne a raba abu biyu da kuka cakuɗa. Daren waƙoƙi daban, sujadar Kirsimeti daban. Ku ɗauki wata yamma kafin ranar, ku kira ta da sunanta, daren waƙoƙi da wasa, matasa su baje basirarsu, a gayyaci maƙwabta, wanda ya zo ya san kallo da sauraro ya zo yi, ba a ruɗe shi ba. A fara da wuri a tashi da wuri, don ka fi ni sanin halin tsaro da wahalar abin hawa da dare a Kaduna. Ko a nan ɗin ma, a tsakanin kowane abu biyu da za a nuna, a kunna fitilun coci duka, a tada waƙar da kowa ya sani, makaɗa su sassauta hannu har jama'a su ji muryar junansu. Wannan aikinka ne kai shugaban mawaƙa, ba sai ka nemi izinin kowa ba. Ma'aunin aikinka a ranar ba daɗin muryar mawaƙanka ba ne kawai, har da ko mutumin da ke bencin ƙarshe ya yi waƙa.

Safiyar 25 kuwa a bar wa ikkilisiya abinta. A karanta Luka sura 2 da Hausa, a hankali, a ba wani yaro ko wata tsohuwa ta karanta. Zumuntar Mata su shigo da tulunansu, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai su yi tasu waƙar, yaran makarantar Lahadi su yafa zannuwan iyayensu su zama makiyaya, ko da ɗaya zai manta maganarsa ya fashe da kuka. Matasa su riƙe jita da piyano su raka, kada su danne. Wa'azi ya zama gajere kuma an shirya shi. Sanarwa kada ta wuce minti biyar, wannan kuma saƙona ne ga dattawan nan biyu, ka karanta musu in ka ga dama. Sauƙi ma yana bukatar gwaji da shiri kamar yadda babban wasa ke bukata, ba a fafe gora ranar tafiya.

In wani a kwamiti ya ce wannan ƙauyanci ne, ka tuna masa daga inda aka fito. EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da take da dubban ɗaruruwan mutane a yau, a gindin tsamiya aka yi sujadarta ta farko, a Garkida, a watan Maris na 1923. Cocin St Bartholomew na Wusasa da ƙasa aka gina shi, irin ginin Hausa, kuma har yau mutane na zuwa ganinsa. Ba ina cewa ku koma gindin bishiya ba, kakanninmu ma da sun sami kwano da siminti da sun yi murna. Ina so dai wanda ke jin kunyar tulu ya san cewa da shi aka goya shi.

Saura mahaifiyarka, wadda ita ce ainihin abin da ya sa ka rubuto.

Kada ka je mata da hujja. Kada ka buɗe mata 2 Tarihi, kada ka ce Mama ta jarida ta ce ba zunubi ba ne. Ta riga ka sanin ayoyin nan tun kana goye. Ka je kai kaɗai, ba da matarka ba, ba ranar da kake sauri ba. Ka zauna ƙasa kusa da ita, ka ce: "Mama, bara na ɓata miki rai, ban kuma tsaya na ji ba. Ki gaya mini abin da kika gani." Daga nan ka kama bakinka. Za ta iya farawa da ƙarar kiɗa, ta bi ta kan siket ɗin wata yarinya, ta zagaya ta kan mawaƙin Jos da ya yi ta Turanci. Bar ta ta zagaya. Abin da ke ƙasa zai fito daga baya, kuma ina zargin ya shafi Babanku. Ka ce tun rasuwarsa ba ku raba Kirsimeti ba. Akwai waƙar da ake yi kowace shekara yana tsaye a sashen maza tana jin muryarsa, akwai bencin da ta saba zama. Wanda ya yi rashi, ranar biki ce ta fi masa nauyi, kuma abubuwan da aka saba ɗin nan su ne sandar da yake dogarawa. Kai ka cire su a dare ɗaya ba da mugun nufi ba, kuma ɗanta ne ya cire, a gaban ƙawayenta. Ka yi tunanin abin da matar da ke gefenta ta raɗa mata kafin ta tashi.

Sannan ka roƙe ta abu ɗaya, roƙo na gaske ba na lallashi ba: ta zaɓi waƙar da za a buɗe sujadar safiyar Kirsimeti da ita, ta zo wurin gwaji ita da ƙawayenta biyu ko uku su koya wa mawaƙanka, baiti duka, har waɗanda aka daina yi. Ka gargaɗi yaranka tun kafin ta zo, ba dariya, ba danna waya, kuma in ta ce an yi sauri a rage. Za ka sha mamakin yawan waƙoƙin da ke kanta waɗanda ba su cikin kowane littafi. Ka sa wani ya ɗauki muryarta a waya ya ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan ba za mu daɗe da su ba.

Matarka kuma ka yi mata magana a ɗaki, da taushi. Ka nuna mata ka ji tsoron da take ji game da yaranku da cocin da za su taso a ciki, don tsoro ne mai tushe. Amma ka roƙe ta kada kalmar "tsofaffi" ta sake fita daga bakinta a kan wannan zance, musamman inda Mama ko yara za su ji. Rigimar kwamiti takan mutu a Janairu. Ta suruka da uwar miji in ta kama, sai ta shekara goma tana ci.

Baba Fasto ma bai kyauta ba da ya ce ku je ku daidaita kanku. Tsarin sujada da yanka wa jama'a kuɗi ba abin da za a bar wa shugaban mawaƙa ba ne ya yi ta fama da mahaifiyarsa. Ka koma wurinsa da ladabi, da shawararka a rubuce a takarda ɗaya, ka roƙe shi ya kira dattawa da shugabannin matasa da na Zumuntar Mata su zauna tare, shi ya yanke, shi ya sanar. In kwamiti ya ƙi, suka nace sai an yi yadda suka tsara da kuɗin dole, kana da 'yancin cewa za ka jagoranci waƙa amma ba za ka bi gida-gida karɓar kuɗin ba.

Zai yiwu ka yi duk wannan Mama ta ce ita dai ƙauye. Kada ka ɗauka ka gaza, kuma kada ka riƙe ta da fushi ko da kukan jikoki. Romawa 14 ta bar wa kowa ya tabbata a zuciyarsa game da ranaku, kuma mace mai shekara 70 tana da ikon yin Kirsimeti a cocin da aka yi mata baftisma, kusa da 'yan'uwanta. Ka bincika lafiyar hanya, ka sa ta a mota da safe tun kafin cunkoson 23 da 24, ka haɗa ta da shinkafa da mai da ɗan abin da za ta raba wa yara, in da hali babban ɗanka ya raka ta. Waƙar da ta zaɓa kuma ku yi ta duk da haka. In an zo tada ta ranar 25, ka ba wani wayarka ya kira ta, ya ɗaga wayar sama wajen sashen mata.